Babi na Bakwai: Firinta da Tawadar Buga Hoto a Shimfiɗar Mawus

Tun shekarar 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, duk yaron da ke son shiga jami'a daga Achida ko Wurno ko Rabah ko Goronyo dole ne wata rana ya zauna gaban kwamfuta, ko da ba a taɓa kunna ta a gidansu ba. WAEC ma ta bi sahu a 2024, ta fara da masu zana jarrabawa daga waje. Shi ya sa shagunan koyon kwamfuta da na cike fom suka yawaita, makarantu kuma kowace na ƙoƙarin ta tanadi ɗakin kwamfuta nata. Kowane teburi a irin waɗannan wurare yana buƙatar 'yar shimfiɗar nan ta roba da ake gurza mawus a kanta. Abu ne da bai fi tafin hannu biyu ba, amma yana gaban idon mai aiki tun safe har ya tashi, don haka makaranta da banki da ɗan siyasa duk suna son a ga sunansu a kai.

Matasa da yawa sun hango wannan kasuwa, kuma sun yi daidai. Inda akasarinsu ke tuntuɓe shi ne wurin sayayya. Mutum zai sayar da ragonsa ranar kasuwar Achida, ya hau mota zuwa Sakkwato, ya sayo firinta mai kyan gani, sai bayan ya dawo gida ya fara tambayar wace tawada zai zuba mata. A wannan sana'a daga yadi ake fara lissafi. Yadin ne ke nuna tawadar da za ta kama shi, tawadar kuma ta nuna firintar da za ta iya ɗaukar ta.

Ɗauki shimfiɗar ka juya ta. Ƙasanta baƙar roba ce mai kama teburi, kaurinta galibi milimita 3. Samanta kuwa wani siririn farin ƙyalle ne aka manna, kuma ƙyallen nan foliyesta ne, wato yadin roba, ba auduga ba. Yadin roba ba ya shan ruwa yadda auduga ke sha. Ka ɗiga masa tawadar takarda ta yau da kullum, za ta zauna a bisa, gumin hannu na kwana biyu ya kwashe ta.

Mutumin ƙasar Sakkwato bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san tawadar allo, ta gawayi da ƙaro, an yi ta ne don a wanke, a sake wani rubutun gobe. Tawadar da malami ke rubuta littafi da ita a takarda kuwa haɗinta dabam, don ana so ta kama ta zauna, shi ya sa har yau ake karanta rubuce-rubucen zamanin Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837. Duka biyun baƙaƙe ne a cikin kurtu, amma ba mai hankalin da zai musanya su.

Tawadar da ke kama yadin roba ita ce masu sana'ar ke kira sabilimeshan. Rini ne da aka niƙa ya yi laushi ƙwarai, aka zuba a ruwa. Firinta tana buga hoton a kan wata takarda ta musamman, sannan a kifa takardar a kan shimfiɗar, a danne su cikin inji mai zafi. Idan zafin ya kai wajen digiri 190 zuwa 200 a ma'aunin Salshiyas, rinin ba ya narkewa ya zama ruwa, tashi yake yi ya zama tururi kai tsaye. A daidai wannan zafi zaren foliyesta yana sakin jiki, tururin ya shige cikinsa, da ya huce kuma ya rufe da launin a ciki. Shafa hannunka a kan shimfiɗar da aka yi wa wannan aiki, ba za ka ji tudun komai ba, domin hoton ya zama jikin zaren. A wata masaƙa ta garin Rube da ke arewacin Faransa aka gano dabarar a 1957, a hannun wani mai suna Noël de Plasse, kuma masaƙu suka daɗe suna amfani da ita kafin ta sauko ga ƙananan shaguna.

Dabarar tana da iyaka biyu da ya kamata a sani tun kafin a karɓi kuɗin mutane. Ba ta kama auduga zalla: za ta fito kamar ta yi, wanki ɗaya ta koɗe. Kuma babu farar tawada a cikinta, farin da ke cikin hoto farin yadin ne kawai aka bari. Saboda haka baƙar shimfiɗa ba ta buguwa. Wanda ke son baƙa, fara za a sayo a rine ta baƙa da tawadar, a bar masa rubutunsa fari.

Akwai wasu hanyoyin, kuma mai shago zai tallata maka su. Akwai takardar da ake bugawa da tawadar gama-gari a manna da zafi, akwai kuma bugun da ake kira DTF da ya cika gari a kan riguna. Duka biyun wani ɓawo suke bari a saman yadi. A bayan riga ba laifi. A shimfiɗar mawus kuwa, wuri ne da ake gurzawa dubban sau a yini, ɓawon yana riƙe mawus, gefensa ya fara tashi, kuma idan yana da sheƙi yakan rikita 'yar fitilar da mawus ke ganin hanya da ita. Bugun sikirin yana da amfani idan tambari ne mai launi ɗaya kuma za a yi ɗaruruwa. Ga hoto mai launuka, guda goma ko ashirin, sabilimeshan ce kaɗai nake ba da shawara.

Yanzu sai firinta. Ta leza, mai aiki da hoda, a ajiye ta gefe, wannan ta takardun ofis ce. A cikin masu tawadar ruwa kuma iri biyu ne, kuma bambancinsu yana cikin kan da ke feso tawada, inda ido ba ya gani. Ƙananan firintocin Canon da HP zafi suke amfani da shi: wata 'yar waya ce ke tafasa tawadar cikin ƙiftawar ido, kumfar da ta taso ta tunkuɗo ɗigo waje. To, tawadar da aka yi don ta tashi da zafi, ka ga ba a kai ta inda ake tafasa ta tun ba ta isa takarda ba. Na Epson kuwa wani ɗan ƙanƙanin dutse ne ke lanƙwashewa idan lantarki ya taɓa shi, ya matso ɗigon waje ba tare da zafi ba. Brother da Ricoh ma irin wannan kan suke yi. Dalilin ke nan da duk shagon da ka shiga na masu buga kofi da riga, daga Titin Beirut a Kano har Shomolu a Legas, Epson za ka fi gani. Ba don suna ba ne, don kan ne.

Ka tsaya a shagon kayan kwamfuta za ka ji irin wannan ciniki:

"Alhaji, wagga tana buga hoto bisa riga?"

"Tana bugawa, ƙanena. Komi kaka so tana yi."

Alhajin bai yi ƙarya da gangan ba, firinta yake sayarwa, ba sana'ar bugu yake yi ba. Tambayar ce ba ta kai ba. Abin da ya kamata a tambaya shi ne: wane irin kai gare ta, kuma an taɓa zuba mata tawada?

Tambaya ta biyun tana da nauyi. A 2010 Epson ta fara fitar da firintoci masu tanki a gefe, a ƙasar Indonesiya, don mutane irinmu da tsadar katirij ta ishe su. Su ne jerin da sunansu ke farawa da L, irin su L3110 da L3210 da L3250. Suna zuwa da tanki wayam da kwalaben tawadar takarda a cikin kwali. Mai son sabilimeshan sai ya ajiye waɗancan kwalabe, ko ya sayar wa mai shagon hoto, ya zuba tasa tun ranar farko. Idan kuwa tawadar takarda ta riga ta bi bututun, wanke ta aiki ne ja, kuma ragowarta za ta riƙa ɓata launi. Don haka a nan ba na goyon bayan sayen ta hannu, ko Beljiyam ce ko ta maƙwabci, komai arharta. Araha ba ta ado. A kuma sani cewa da zarar an zuba tawadar da ba ta kamfanin ba, garanti ya tashi. Akwai waɗanda aka ƙera don wannan aiki tun daga masana'anta, kamar Epson SC-F100 da Sawgrass SG500. Launinsu ya fi zama daidai, amma tawadarsu tasu ce su kaɗai, da tsada, kuma ranar da ta ƙare ba a Sakkwato za ka tsince ta cikin sauƙi ba. Mai shago a Achida ya fi buƙatar abin da makanikin birni ya saba buɗewa.

Batun mai launi huɗu ko shida ba ya buƙatar dogon zance. L805 da L1800 da magadansu suna da shida, kuma a takardar hoto mai sheƙi bambancin yana fitowa a fatar fuska. A kan saƙar yadi da ƙyar ido zai gane. Huɗu sun isa, kuma kowane launi da ka ƙara, ka ƙara layin da zai iya toshewa. Girma ma haka: shimfiɗar da aka saba ba ta wuce santimita 24 da 20, takardar A4 kuwa 21 ce da 29.7, ta rufe ta. A3 sai ga wanda ya riga ya sami masu son manyan riguna.

Tawadar kanta a saye ta da suna a jikin kwalba da ranar lalacewa. SubliNova ta kamfanin InkTec na Koriya ta Kudu tana cikin sanannu, akwai kuma na Sin masu kyau da marasa kyau. Wadda aka ɗura a kwalba ba takarda, aka ce maka "duk ɗaya ne", bar ta a wurin. Rinin da ke ciki ba narkakke ba ne, yawo yake a ruwa, idan niƙan bai yi laushi ba ko kwalbar ta kwana biyu a rana, zai dunƙule ya toshe ramukan da suka fi gashin kai siranta. Idan ka dace da iri ɗaya, ka zauna a kansa. Haɗa na kamfani biyu a tanki guda yana sauya launi, wani lokaci ya kashe kan ɗungurungum, kuma kuɗin sabon kai ya kusa na sabuwar firinta.

Abin da littafin cikin kwali bai yi da mu ba shi ne yanayi, kuma a nan ne na fi so mai karatu ya natsu. Kamfanin ya rubuta cewa waɗannan firintoci suna aiki ne tsakanin digiri 10 zuwa 35, da danshin iska daga kashi 20 zuwa 80 cikin ɗari. A gabashin Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu zafin rana yana haura 40, cikin shago mai rufin kwano kuwa ya fi haka. Da hunturu danshin iska yana faɗuwa ƙasa da kashi 20, ga ƙura mai laushi da ke shiga ko'ina, har cikin akwatin da aka kulle. Wato kusan rabin shekara na'urar tana aiki ne a wajen iyakar da aka yi ta dominta. Tawadar da ke bakin kan tana bushewa da wuri, ƙura ta manne a kai, washegari hoto ya fito da fararen layuka a jikinsa.

Maganin ba kuɗi yake ci ba, kula yake so. A ajiye firinta a ɗakin da ya fi sanyi, na ƙasa ko mai silin, nesa da ƙofar da ke kallon titi. A ɗinka mata riga a wurin tela, a rufe ta duk lokacin da ba ta aiki. A kashe ta da maɓallinta, a jira kan ya koma mazauninsa inda wata 'yar roba ke rufe shi, kafin a zare waya. Idan wuta ta ɗauke tana tsakiyar aiki, kan yana tsayawa a fili, don haka ƙaramin UPS ba kwalliya ba ne a gare ta. Abu mafi muhimmanci: kada ta yi kwana uku ba ta buga komai ba. Ko babu aiki, a fitar da takardar gwajin layuka, ko wani ɗan hoto mai dukkan launuka huɗu. Wankin kai da na'urar ke yi da kanta yana shan tawada da yawa, yana kuma cika soson da ke ƙasanta, ranar da ya cika kuwa za ta tsaya cik sai an kai ta birni. Firintar sabilimeshan zama ne ke kashe ta, ba aiki ba.

Sai wuta. Firintar ba ta da ci, wat goma sha wani abu ne, ƙaramar sola ma ta riƙe ta. Injin matsin ne mai cin wuta. Wanda aka fi amfani da shi, mai santimita 38 da 38, yana jan wat 1,400 zuwa 2,000, kuma yana ɗaukar mintuna kafin ya kai zafin da ake so. Ƙaramin janareta na kallon ƙwallo ba zai ɗaga shi ba. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, duk wanda ya kunna babban janareta don ya gasa shimfiɗa biyu ya ci uwar kuɗinsa. A tara aiki, a gasa shi zama ɗaya. Dutsen guga kuma ba ya maye gurbin injin: zafinsa ba ya bazuwa daidai, hannu ba ya danne ko'ina da nauyi ɗaya, hoton sai ya fito dabbare-dabbare.

Ga yadda aikin yake idan komai ya zauna. Hoton yana fitowa daga firinta a juye, kamar a madubi, rubutun yana karantuwa daga dama. Launinsa a takarda dishi-dishi, ja kamar ya sha rana, sabon shiga har ya ɗauka tawadar ce ta lalace. A fara danna shimfiɗar ita kaɗai na 'yan daƙiƙu don danshi ya fita, a goge ƙura, domin kowane ɗan zare da ya kwanta a kai zai bar shuɗin tabo da ba ya fita. A kifa takardar, wadda aka buga ta ɗara shimfiɗar kaɗan don kada gefe ya rage fari, a kama ta da salatif mai jure zafi, a sa farar takarda sama da ƙasa. A ja hannun injin ya kulle. Daƙiƙa 45 zuwa 60, ɗakin ya ɗauki warin roba mai ɗumi, shi ya sa ake barin taga a buɗe. Injin ya yi ƙara, a ɗaga, a fizge takardar gaba ɗaya ba tare da ta goga ba, don idan ta motsa tana da zafi hoton zai yi inuwa. Abin da ke ƙasa sai ka ce ba daga takardar nan ya fito ba: kore shar, ja wur, rubutu ya miƙe daidai. Baƙin launi shi ne alƙali. Idan ya yi ruwan ƙasa, an ƙona, a rage zafi ko lokaci. Idan ya yi kore-kore, bai gasu ba. A yanka shimfiɗa ɗaya gida huɗu a yi gwaji da ita, a rubuta lambobin da suka dace a bango kusa da injin.

Rabin ƙorafin masu saye ba daga na'ura yake ba, daga hoton da suka turo ne. WhatsApp yana matse hoto, abin da ya yi kyau a fuskar waya idan aka buɗe shi ya kai santimita 24 sai ya farfashe. A ce wa mai aiki ya turo shi a matsayin fayil. A kuma nuna masa rubutun ya karanta da bakinsa kafin a gasa, don wannan bugu ba ya gogewa.

Akwai wata magana da nake ganin ta fi ta launi muhimmanci. Za a zo maka da aikin walimar sauka ko na Islamiyya, a ce a sa aya ko sunan Allah. Ka ba da haƙuri, ka kawo shawarar a sa a firem ko a kalanda. Shimfiɗar mawus abu ne da ake ɗora wa hannu da kofin shayi, tana faɗuwa ƙasa, in ta tsufa a jefar da ita a bola. Abin bugawa bai ƙare ba: bajon makaranta, madatsar ruwan Goronyo, fadamun albasa da shinkafa na Wurno, hoton Sardauna ga mutanen Rabah da suke alfahari da shi ɗan garinsu ne, lambar wayar shago, ko jadawalin maɓallan kwamfuta da ɗalibi mai shirin JAMB zai riƙa kallo yana haddacewa. Wannan na ƙarshen ma ya fi saurin shiga a wurin masu cibiyoyin koyo.

Sai dai a faɗi gaskiya, shimfiɗar mawus kaɗai ba za ta ciyar da firinta a Achida ba. Makaranta za ta saya sau ɗaya ta yi shekara biyu ba ta dawo ba, na'urar kuma ga shi ba ta son zama. Abin da ke cetonta shi ne tawadar nan ɗaya ita ce ke buga rigunan ƙwallo na ƙungiyoyin unguwa, da hankici da jakunkunan rabo na biki, da maƙalan makulli, da kofuna idan an ƙara injinsu. Lokacin siyasa aiki yana zuwa kamar ruwan Agusta, amma a karɓi kuɗin kaya kafin a kunna inji. Farashi kuwa, tun da aka saki naira a Yunin 2023 ba ya kwana wuri ɗaya, kuma duk kayan nan daga waje suke zuwa, don haka a kira Kano ko Legas a ji na ranar kafin a yanka wa mutum kuɗi.

Shawarata ga mai ƙaramin jari ita ce ya jinkirta firintar. Ya fara da injin matsi mai kyau da fararen shimfiɗu. Takardar da aka buga tana iya yin makonni ba ta lalace ba idan an sa ta a ambulan, nesa da rana da danshi, kuma Achida zuwa Sakkwato bai kai tafiyar awa guda ba. Ya tsara hotunansa, ya tura wa mai firinta a birni, direban tasha ya kawo masa, shi ya gasa a gida. Ribar za ta ragu, amma zai koyi zafi da lokaci, ya san masu sayensa, ba tare da fargabar kan da ke bushewa a ɗaki ba. Ranar da ya ga aiki ya kai a buga wani abu duk bayan kwana biyu, to ya je ya sayo sabuwar Epson mai tanki, launi huɗu, A4, wadda ba a taɓa zuba wa komai ba, ya buɗe kwalin a gaban mai shago ya duba tankunan da idonsa kafin ya biya.